John Boyd Dunlop

John Boyd Dunlop (5 ga Fabrairu, 1840 – 23 ga Oktoba, 1921) likitan dabbobi ne kuma mai ƙirƙira, haifaffen ƙasar Sikotland, wanda ya yi mafi yawan rayuwarsa a tsibirin Ailan. An fi saninsa da haɗa tayar roba mai iska ta farko da ta karɓu a hannun jama'a, wadda ya yi wa keken ɗansa a birnin Belfast a ƙarshen shekarar 1887, ya kuma samu takardar mallakar fasaharta a ranar 7 ga Disamba, 1888. Bayan shekara biyu aka gano cewa wani ɗan ƙasarsu mai suna Robert William Thomson ya riga shi yin rajistar irin wannan dabara tun 1845, saboda haka takardar Dunlop ta rasa ƙarfinta. Duk da haka, daga aikin Dunlop ne masana'antar tayoyin iska ta taso, kuma a kan tsarinsa ne tayoyin keke, babur, mota da jirgin sama suka ginu.

Kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin roba na duniya, amma shi kansa bai daɗe a cikinsa ba. Ya bar hukumar daraktocinsa a 1895, kafin kamfanin ya fara yi wa motoci tayoyi, kuma abin da ya samu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da dukiyar da wasu suka tara da sunansa.

Asali da karatu

An haifi Dunlop a wata gona a ƙauyen Dreghorn, kusa da garin Irvine a yankin Ayrshire da ke kudu maso yammacin Sikotland. Iyayensa manoma ne. Tun yana ƙarami aka gaya masa cewa bakwaini ne, wato an haife shi wata biyu kafin lokacin da mahaifiyarsa ke sa rai. Wannan magana ta zauna masa a zuciya, ya tashi da imanin cewa jikinsa ba shi da ƙwari, ya kuma riƙa kaffa-kaffa da lafiyarsa har ƙarshen rayuwarsa, alhali kuwa ya kai shekara 81 ba tare da wata babbar jinya ba.

Maimakon noma, sai ya bi hanyar karatu. Ya shiga makarantar koyon likitancin dabbobi ta Edinburgh, wadda William Dick ya kafa a 1823, wadda a yau take ƙarƙashin Jami'ar Edinburgh. Ya kammala yana ɗan shekara 19, ya yi aiki na wasu shekaru a ƙasarsu, sannan a 1867 ya ƙetara teku zuwa Ailan, wadda a lokacin gaba ɗayanta ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya.

Aikin likitan dabbobi

Ya fara zama a garin Downpatrick, inda ya buɗe wurin duba dabbobi tare da ɗan'uwansa James Dunlop. Daga nan ya koma Belfast ya kafa nasa a titin May Street. A wancan zamani Belfast birni ne na masaƙun lilin da ƙera jiragen ruwa, kuma dawaki ne ke jan kusan duk abin da ke motsi a tituna: amalanken kaya, kekunan fasinja da taragun cikin gari. Matsayin likitan dawaki a irin wannan birni ya yi kama da na babban makaniki a yau. Zuwa tsakiyar shekarun 1880 wurin Dunlop yana cikin mafi girma a duk Ailan.

A 1871 ya auri Margaret Stevenson, suka haifi 'ya'ya biyu, mace mai suna Jean da namiji mai sunan mahaifinsa, wanda ake kira Johnnie.

Abubuwa biyu daga wannan sana'a sun yi masa amfani daga baya. Na farko, ya saba sarrafa fallen roba da hannunsa, yana yanka shi yana liƙawa don haɗa kayan aikin jinyar dabbobi. Na biyu, aikin ya sa shi yawan tafiya a keken doki mai ƙafafun katako da ƙarfe a kan hanyoyin karkara marasa kyau, don haka ya san wahalar jijjiga a jikinsa, ya kuma daɗe yana tunanin yadda za a rage ta.

Halin da keke ke ciki kafin 1887

Kekunan farko na shekarun 1860 suna da ƙafafun katako da aka zagaye da ƙarfe, kuma sun yi ƙaurin suna wajen girgiza mahayi. A shekarun 1870 aka koma keke mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar ƙaramar ƙafar baya, aka kuma sa masa roba tsantsa marar rami a ciki. Girman ƙafar gaba yana rage jijjiga, amma faɗuwa daga kansa babban haɗari ne. A 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry ya fito da keken Rover, mai ƙafafu biyu kusan daidai da sarƙa mai juya ta baya, wanda shi ne siffar keken da aka sani a yau. Ya fi aminci, sai dai ƙananan ƙafafunsa sun dawo da matsalar jijjiga, musamman a titunan birane da aka daɓe da duwatsu.

Ita kuwa roba, tun 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa idan aka gasa ta da farar wuta takan daina narkewa a zafi da ƙagewa a sanyi, ya kuma yi rajistar dabarar a 1844. Ke nan kayan aikin suna nan, buƙatar ma tana nan, saura wanda zai haɗa su.

Ƙirƙirar tayar iska

Johnnie, wanda a lokacin bai wuce shekara goma ba, yana da keke mai ƙafa uku da tayoyin roba tsantsa, yana kuma kokawa da wahalar tuƙa shi a titunan Belfast. A ƙarshen 1887 Dunlop ya yanko faifan katako, ya naɗe fallen roba ya liƙe shi ya zama bututu, ya ɗora a gefen faifan, ya rufe da ƙyallen lilin da ya kafe da ƙananan ƙusoshi, sannan ya hura masa iska da famfon ƙwallon ƙafa.

Gwajin farko a farfajiyar wurin aikinsa aka yi shi. Ya ciro ƙafa ɗaya daga keken yaron, ya gara ta a ƙasa, sannan ya gara faifan mai iska. Ta keken ta tsaya a hanya ta faɗi, mai iskar kuwa ta ƙetare farfajiyar har ta bugi ƙofa ta dawo. Wannan ya nuna masa abin da ya fi laushin tafiya muhimmanci, wato tayar iska ta fi gudu a ƙasa mai gargada.

Dalilin haka shi ne, idan taya mai tauri ta haɗu da tsakuwa, dole ta hau kanta, ta ɗaga keken da mahayinsa gaba ɗaya, kuma duk ɗagawar nan ƙarfi ne ke zubewa. Tayar iska kuwa lotsawa take yi ta haɗiye tsakuwar, ta wuce, ta koma siffarta. Iskar da ke matse a ciki ce ke ɗaukar nauyin, tana kuma rarraba bugun a duk zagayen tayar. Masu tseren keke na lokacin sun ɗauka cewa siririyar taya mai tauri ita ce mai sauri, kuma wannan fahimta ce gwajin ya rushe.

Daga nan ya yi wa ƙafafun baya biyu na keken yaron irin wannan taya, Johnnie ya gwada su da dare a ranar 28 ga Fabrairu, 1888. Da sakamakon ya yi kyau, sai Dunlop ya haɗa kai da masu haɗa kekuna na Belfast, R. W. Edlin da Finlay Sinclair, suka ƙera cikakken keke mai faɗin da zai ɗauki sababbin tayoyin, aka gwada shi a filin wasa na Cherryvale da ke kudancin birnin. Ya shigar da takardar neman mallakar fasaha a watan Yuli na 1888, aka ba shi a watan Disamba.

Tseren 1889

Da farko mahaya keke dariya suka riƙa yi wa tayoyin saboda kaurinsu da muninsu. Abin da ya sauya ra'ayin jama'a shi ne tsere. Willie Hume, kyaftin ɗin ƙungiyar mahaya keke ta Belfast Cruisers, ya amince ya hau keke mai tayoyin Dunlop a gasar wasannin Kwalejin Queen's ta Belfast a ranar 18 ga Mayu, 1889. Ya shiga tsere huɗu, ya cinye duka huɗun. Bayan wata biyu ya je Liverpool a Ingila, ya lashe dukan tseren da ya shiga in ban da guda ɗaya.

Cikin waɗanda Hume ya kayar a Belfast akwai 'ya'yan Harvey du Cros, ɗan kasuwar takarda a Dublin kuma shugaban ƙungiyar mahaya keke ta Ailan. 'Ya'yan nasa suna cikin fitattun masu tsere na ƙasar, don haka ya gane cewa bambancin daga taya yake, ya kuma hango kasuwar da ke tattare da ita.

Kafa kamfani

Dunlop bai ɗauki tayar keke a matsayin hanyar arziki ba. Ya riga ya yi alkawarin miƙa haƙƙinsa ga wani dillalin kekuna na Dublin mai suna William Bowden, wanda shi kuma ya jawo du Cros cikin harkar. A watan Nuwamba na 1889 aka yi rajistar kamfanin Pneumatic Tyre and Booth's Cycle Agency a Dublin, Dunlop ya samu kujerar darakta da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na hannun jari. An buɗe ƙaramar masana'anta a titin Upper Stephen Street, wadda ake ɗauka a matsayin masana'antar tayoyin iska ta farko a duniya. Ragamar gudanarwa tana hannun du Cros da 'ya'yansa, musamman Arthur du Cros.

Rushewar takardar mallaka

A 1890, kamfanin bai ko shekara da kafuwa ba, aka tono wata tsohuwar takarda. Robert William Thomson, injiniya haifaffen Stonehaven a Sikotland a 1822, ya yi rajistar ƙafa mai iska a Birtaniya a 1845, a Faransa a 1846, a Amurka kuma a 1847. Tasa bututu ce ta yadi da roba a cikin rigar fata, an kuma gwada ta a kan kekunan doki a dandalin Regent's Park na Landan a 1847. Ta yi aiki, amma roba tana da tsada a lokacin, haɗa ta yana da wuya, kuma babu keke ko mota da za su buƙace ta da yawa. Thomson ya koma wasu ayyuka, ya mutu a 1873, aka manta da ƙirƙirar tasa.

Dunlop ya tsaya a kan cewa bai taɓa sanin aikin Thomson ba, kuma marubuta tarihin fasaha sun karɓi wannan. Amma a doka wannan bai hana takardarsa faɗuwa ba, domin ba a mallakar dabarar da wani ya riga ya bayyana. Daga nan kowa na da damar yin tayar iska.

Gyare-gyaren da suka ceci kamfanin

Tayar Dunlop ta farko tana da babban aibi. Liƙe ta ake yi a jikin wili da gam, a naɗe ta da ƙyalle ta tsakanin wayoyin ƙafar. Idan ƙusa ta huda ta, sai an ɓamɓare ƙyallen, a nemo hujin, a liƙe, a sake naɗewa, a jira gam ya bushe. A tarihin kamfanin Michelin na Faransa an ambaci wani mahayi da ya kai irin wannan taya masana'antarsu a Clermont-Ferrand, gyaranta ya ci fiye da awa uku, ban da kwana guda na bushewa. Wannan ne ya sa Édouard Michelin da ɗan'uwansa André suka ƙera tayar da ake cirewa, wadda Charles Terront ya lashe tseren Paris zuwa Brest da dawowa da ita a 1891.

A Birtaniya mutum biyu ne suka warware matsalar a 1890. Charles Kingston Welch ya saka waya marar miƙewa a kowane leɓen taya, ya kuma yi wa wili kwari a tsakiya. Idan aka tura leɓen tayar cikin kwarin ta gefe ɗaya, sai ɗaya gefen ya samu sararin da za a ɗaga shi ya fita, idan kuma aka hura iska sai leɓen ya hau kafaɗar wilin ya kame. William Erskine Bartlett, Ba'amurke da ke aiki da kamfanin North British Rubber a Edinburgh, ya yi taya mai kaurin leɓe wanda iska ke tura shi ƙarƙashin lanƙwasar bakin wili. A 1891 Charles Woods ya ƙera bawul da ke ba da damar hura iska da sace ta cikin sauƙi, wanda har yau ake samunsa a kekuna da yawa, ana kuma kiransa da sunan Woods ko na Dunlop.

Du Cros ya saye haƙƙin Welch a 1892, daga baya ya haɗa da na Bartlett. A kan waɗannan takardu ne ƙarfin kamfanin ya tsaya. A 1893 aka mayar da aikin ƙira zuwa Coventry, cibiyar masana'antar keke ta Ingila, bayan ƙorafe-ƙorafen da aka yi a Dublin kan warin roba da sinadaran narkar da ita. A shekarar ce kuma aka buɗe masana'anta a Hanau ta ƙasar Jamus.

Rabuwarsa da kamfanin

Dunlop ya ajiye aikin likitan dabbobi a 1892, ya tare a Dublin. Mutum ne mai sanyin hali da kunya, marar son hayaniyar kasuwa, kuma tafiyarsa da du Cros ba ta zo ɗaya ba. A 1895 ya sauka daga hukumar daraktoci, ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa.

Shekara guda bayan haka, a 1896, lokacin da kasuwar keke ta kai ƙololuwa a Birtaniya, aka sayar da kamfanin ga dillalin hannun jari Ernest Terah Hooley a kan fam miliyan 3. Hooley ya sake sayar wa jama'a da shi a kan fam miliyan 5 da sunan Dunlop Pneumatic Tyre Company, du Cros ya ci gaba da shugabanci. Dunlop bai ci moriyar wannan ciniki ba sai kaɗan. Kamfanin ya fara yin tayoyin mota a 1900, shekara biyar bayan fitarsa.

Tayar iska da babur

Babur ya zo duniya kusan lokaci ɗaya da tayar Dunlop. Wanda Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka haɗa a Jamus a 1885 ƙafafun katako ne da shi masu zoben ƙarfe. Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munich, babur na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa a 1894, da tayoyin iska ya fito. Inji yana kai abin hawa gudun da ƙafar mutum ba ta kaiwa, kuma a irin wannan gudu taya mai tauri ba ta zama a ƙasa, tsalle take yi, ga shi tana wargaza ƙarafan abin hawan.

Babur ya fi mota dogara da taya, domin ƙafa biyu gare shi, kuma inda kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba. Ta wannan ɗan wuri ne ja, birki da juyawa duk suke bi. Shi ya sa ake yi wa tayar babur doro zagayayye, saɓanin ta mota mai shimfiɗaɗɗen baya, don ta ci gaba da kama ƙasa idan mahayi ya kwanta a kwana. Zanen da ke jikinta kuma hanya ce ta fitar da ruwa daga ƙarƙashinta, saboda haka suɗaɗɗiyar taya takan yi santsi a jiƙaƙƙen titi ko da tana tafiya daidai a busasshe.

Tun da iska ce ke ɗaukar nauyi, kamar yadda gwajin Dunlop ya nuna, awon iska shi ne tushen kula da taya. Idan iska ta yi kaɗan, gefen tayar yakan yi ta lanƙwashewa yana ɗaukar zafi, kan babur ya yi nauyi, shan mai ya ƙaru, kuma idan aka faɗa rami bakin wili na iya tsinke robar ciki, wadda ake kira tiyub. Idan ta yi yawa, wurin taɓa ƙasa yakan ragu, tsakiyar tayar ta riga gefe cinyewa, babur ya riƙa tsalle a gargada. Masu ƙera babura suna ba da adadin iskar da ya dace da tayar gaba da ta baya, tare da ƙarin da ake yi wa ta baya idan za a ɗauki fasinja ko kaya, suna kuma ba da shawarar a auna tun tayar tana da sanyi, domin zafin tafiya yana ɗaga awon. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, musamman a rana mai zafi, shi ya sa tun shekarar 2000 ake buga lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar.

Ƙananan babura masu ƙafafun waya, irin waɗanda 'yan acaɓa a Najeriya da 'yan kabu-kabu a Nijar ke aiki da su, da yawansu har yanzu suna kan tsarin farkon shekarun 1890: tiyub mai riƙe iska irin na Dunlop, a cikin taya mai waya a leɓe, a kan wili mai kwari irin na Welch. Mai faci da ke danna leɓen taya cikin tsakiyar wili kafin ya sa ƙarfe ya ɗaga ɗaya gefen, dabarar Welch yake amfani da ita. Bawul ɗin babura da motoci kuwa na kamfanin Schrader ne na Amurka, wanda aka yi wa rajista a 1893.

Buƙatar roba da abin da ta jawo

Yaɗuwar tayar iska ta ɗaga buƙatar ɗanyar roba a duniya cikin 'yan shekaru, a lokacin da kusan dukanta daga itatuwa da kurangar daji ake tatso ta. A yankin Amazon na Burazil birnin Manaus ya bunƙasa da kuɗin roba, yayin da aka tilasta wa 'yan asalin yankin aikin tatsa. A ƙasar Kwango, wadda Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe a matsayin mallakarsa daga 1885 zuwa 1908, an ɗora wa ƙauyuka adadin robar da dole su kawo, waɗanda suka gaza kuma aka hukunta su da garkuwa da iyalansu, yanke hannu da kisa. Masana tarihi da dama suna ƙiyasta waɗanda suka mutu ta dalilin kisa, yunwa da cututtuka a wannan zamani da miliyoyi. A Afirka ta Yamma, Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Legas sun fitar da robar daji mai yawa a shekarun 1890, har tatsar da ta wuce kima ta kashe itatuwa masu yawa. Dunlop ba shi da hannu a mulkin waɗannan yankuna, amma ana ambaton ƙirƙirarsa a duk tarihin wannan ciniki, domin ita ce ta buɗe kasuwar. Daga baya noman roba a gonaki a Malaya da maƙwabtanta ya maye gurbin ta daji, kamfanin Dunlop ma ya fara mallakar gonakinsa a can a 1910.

Ƙarshen rayuwarsa

Dunlop ya ƙarasa rayuwarsa a unguwar Ballsbridge ta Dublin cikin rufin asiri, yana da hannun jari a wani kamfanin sayar da yadi na birnin. Kamfanin taya ya ci gaba da amfani da hoton fuskarsa mai dogon farin gemu a matsayin tambari. Da masu talla suka fara zana shi a siffar tsohon ɗan gaye mai sanda da tabarau na ido ɗaya, abin ya ɓata masa rai, har ya kai kamfanin ƙara kotu a 1920 yana neman a hana buga zanen.

A watan Oktoba na 1921 sanyi ya kama shi, ya mutu ba zato a gidansa da ke titin Ailesbury Road a ranar 23 ga watan, yana da shekara 81, makonni kaɗan kafin a sa hannu a yarjejeniyar da ta kai ga kafa 'yantacciyar ƙasar Ailan. An binne shi a maƙabartar Deans Grange. Bayan mutuwarsa 'yarsa Jean McClintock ta fitar da littafin da ya rubuta kan tarihin tayar iska.

Kamfanin bayan mutuwarsa

Kamfanin Dunlop Rubber ya gina babbar masana'antarsa ta Fort Dunlop a Birmingham a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma faɗaɗa zuwa kayan wasanni, takalma, katifu da birkin jiragen sama. A fagen babura, tayarsa samfurin K81 ta samu sunan TT100 bayan Malcolm Uphill ya zagaye hanyar tseren tsibirin Man a 1969 da matsakaicin gudun da ya haura mil 100 a awa a kan babur ƙirar Triumph irin na kasuwa.

A Najeriya an kafa reshen Dunlop a 1961, masana'antarsa ta Ikeja a Legas ta yi shekaru fiye da arba'in tana yin tayoyi kafin ta daina a 2008, shekara guda bayan Michelin ya rufe tasa a Fatakwal. Uwar kamfanin a Birtaniya ta faɗa cikin bashi, ta sayar da sashen tayoyinta na Turai ga kamfanin Sumitomo na Japan a tsakiyar shekarun 1980, kamfanin BTR kuma ya saye ragowar a 1985. Shi Sumitomo Rubber asalinsa masana'antar da Dunlop ya buɗe ne a birnin Kobe a 1909.

Tunawa da shi

Tun shekarun 1980 hoton Dunlop yake kan takardar fam 10 ta Northern Bank, wanda ya koma Danske Bank, a Ailan ta Arewa. An sanya sunansa a zauren karrama fitattun masana'antar motoci na Amurka a 2005. Akwai allon tunawa da shi a titin May Street na Belfast, da zauren taro mai sunansa a ƙauyensu Dreghorn, da wani babban titi mai sunansa a birnin Campinas na Burazil. Ɗaya daga cikin tayoyinsa na farko tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa na Sikotland da ke Edinburgh.